Ƙyallen Bara

Kai da ka buɗe wannan littafi, ka sani na awon ɗinki ne, abin da ke shafukan baya kuwa ba naka ba ne. Mai leƙen asirin mutane ba ya rasa ganin abin da zai dame shi. Noelia, in ke ce, rufe shi ki mayar inda kika ɗauka, na san yadda na ajiye shi. Ni ce Eulogia Condori, tela, birnin Cochabamba.

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ranar 'yancin ƙasa. 'Yata Noelia ta tafi fareti da 'yan makarantarsu tun da safe, cikin rigar da na ɗinka mata, da farar safar hannu. Shekararta goma sha huɗu, amma har yau sai an ce mata ta miƙe kafaɗa.

Na hau saman soro in kwashe shanya, sai na ji kuka a bayan tankin ruwa. Kwali ne, an shimfiɗa tsohuwar rigar sanyin ubanta a ciki, a kai ga ɗan kwikwiyo ja, kunne ɗaya a lanƙwashe, hanci na zubar da majina. Ga murfin tukunyar da na yi kwana biyar ina nema, an zuba masa madara.

Tun da karenmu Capitán ya mutu a watan Maris na kafa doka: ba kare a gidan nan. Capitán namu ne, mun san uwarsa, kowace shekara ana yi masa allura. Na titi kuwa ba wanda ya san abin da ya kwaso. Yaron da aka hana abu ya yi a ɓoye, laifinsa biyu ne.

Na yi abin da kowace uwa ta gari za ta yi. Na fita da buhu, na shiga bas, na dawo ba buhu. Kafin in fita na buɗe gwangwanin maɓallai na ɗauki wani abu. Don tausayi na yi, Allah ya gani.

Da ta dawo ta hau sama, ta sauko fuska ba jini. Na ce mata an bar ƙofa a buɗe, ya fice. Na kuma yi mata faɗan da ya dace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Laraba, 7 ga Agusta, da rana

Ta ƙi cin abinci. Fushi ne, zai wuce. Har yanzu safar fareti na hannunta, wai sanyi take ji.

Alhamis, 8 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta.

Comadre Casilda ta shigo da safe a rage mata siket. Ita ce uwar baftismar Noelia, shi ya sa muke kiran juna “comadre”, gidanta na kallon nawa, kunun masara take sayarwa a bakin titi, kuma ba abin da ke wuce idonta. Ta dubi yarinyar ta ce, “'Yata, fareti ya ƙare tun shekaranjiya, ko wani za a sake ba a gaya mini ba?”

Ta kama hannunta da wasa. Noelia ta ƙwalla ƙara.

Na cire safar da kaina. Babban yatsa ya kumbura ya yi ja, ga 'yan ramuka huɗu, biyu sama biyu ƙasa.

“Yaushe?”

“Lahadi, Mama. Wasa muke yi. Ƙashi na ƙwace a bakinsa, ba da gangan ya yi ba.”

“Lahadi! Kwana huɗu kina zaune da ni a tebur ɗaya! Me ya hana ki faɗa?”

“Kin ce ranar da kika ga kare a gidan nan ƙauye za ki kai ni wajen Kaka in yi kiwon tumaki.”

Na faɗi hakan, gaskiya ne. Amma kowace uwa tana faɗin irin wannan.

Casilda ta dafe ƙirji ta ce, “Comadre, haukan kare fa ya dawo gari, a rediyo aka faɗa.” Na ce ta rufe bakinta. Ba za a sake kiran wannan suna a gidana ba. Nan ma sau ɗaya na rubuta shi.

A asibitin unguwa nas ta wanke wurin da sabulu har yarinyar ta yi hawaye, ta yi mata allura ta farko, ta rubuta ranakun sauran. Ta ce an yi jinkiri, kuma cizon yatsa ba abin wasa ba ne. Ta ce akwai magani na biyu da ake yi a bakin ciwon, ya ƙare, sai an nemo. Sannan ta tambaya, “Ina karen?” Ta ce mu je wajen likitar dabbobi gobe.

Ina 'yar shekara tara a garinmu Punata na ga ɗan maƙwabcinmu da ciwon ya kama, ciwon da ke sa mutum tsoron ruwa. An kawo masa ruwa a kofi, ya dubi kofin. Ba zan rubuta sauran ba.

Noelia ta sha ruwa kofi biyu a gabana.

Juma'a, 9 ga Agusta, ƙarfe uku

Likita Zulema gajeriya ce, gashi a yanke kamar na namiji, rigar aikinta duk gashin kyanwa. Ita da wasu mata suke tara karnuka da kyanwoyin titi, su yi musu magani, ranar Waliyyi Roque, waliyyin karnuka, su raba wa masu so. Tun daga bakin ƙofa wari da haushi suka tare mu. Ban ga dalilin da mace mai ilimi za ta ƙarar da rayuwarta haka ba, amma ban je don in faɗi wannan ba.

Ta ce, “Doña Eulogia, zauna in yi miki lissafin. Daga ranar cizo a ƙirga kwana goma. In karen ya kai Laraba mai zuwa da ransa, yana ci yana sha, to ranar da ya cije ta babu ciwon a yawunsa, ki je ki yi barcinki. In babu kare, sai allura da addu'a, da watanni kina kallon yarinya. Saboda haka kare nake so.”

Noelia ta ce sunansa Chuño, don ƙarami ne a takure kamar busasshen dankali. Ta ce ja ne, kunne ɗaya a lanƙwashe.

Likita ta yi dariya. “'Yan mata, kin siffanta rabin karnukan garin nan. A ina ya ɓata?”

Na ce, “A unguwarmu.”

“Da wani abu a wuyansa?”

Noelia ta ce babu komai. Ni ba a tambaye ni ba.

Noelia ta sha ruwa da rana. Ta sha da yamma.

Asabar, 10 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Da safe mun zaga unguwa layi-layi. Tana gaba tana kiran “Chuño! Chuño!”, hannu ɗaure da bandeji, tana leƙa ƙarƙashin motoci. Ni ina biye, ina riƙe mata burodin da za ta yaudare shi da shi. Awa uku muna yi. Har wani mai gyaran taya ya bar aikinsa ya taya mu dubawa a bayan juji. Na yi masa godiya.

Da rana na ce mata zan je sayen zare. Na shiga bas ɗin nan dai, na sauka a babbar kasuwa, na bi layin masu dankali har ƙarshe. Babu buhu, babu komai. Rumfar da ke kusa da wurin a rufe take da leda. Karnuka sun fi ashirin a kwance a rana, ba nawa a ciki. Na ce “nawa”, kuskuren alƙalami ne.

Ban tambayi kowa ba. Mai tambaya sai ya faɗi dalili.

Mijina Florencio ya kira daga Buenos Aires, inda yake aikin gini. Na ce masa duk muna lafiya. Mutumin da ke kan bene hawa na takwas ba a ba shi labarin da zai sa ƙafarsa ta zame.

Lahadi, 11 ga Agusta, bayan coci

Allura ta biyu. Na kunna kyandir uku. Fada ya yi wa'azi a kan abin da aka yi a ɓoye za a faɗe shi a kan soro. Ban ga abin da ya sa ya zaɓi wannan ba.

Lahadi, ƙarfe biyar

Jikinta da zafi.

Lahadi, ƙarfe bakwai

Na kai mata ruwa. Ta kawar da kai ta ce, “Ba na so, Mama.” Na ce ta sha. Ta ce maƙogwaronta na ciwo. Na ajiye kofin a hankali.

Ya Budurwa Maryamu, ke ma uwa ce.

Litinin, 12 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Da asuba ta sha shayi rabin kofi. Nas ta ce zazzaɓin na allura ne da kumburin yatsa, maƙogwaro kuwa ihun kiran kare ne na awa uku. Ta ce “da alama”. Ban son wannan kalma.

Muna dawowa Casilda ta kira ni wajen tukunyarta. Ta zuba mini kunu ba tare da na roƙa ba, ta jira Noelia ta shige gida.

“Comadre, ranar fareti na gan ki da buhu.”

“Yadi na kai wa wata.”

“To yau na ji sabon abu. Yadi mai motsi, har da kuka.”

Na ce ta kula da harshenta. Ta ajiye ludayi ta ce, “Kwana huɗu na ba ki ki faɗa da bakinki, don ke ce uwa. Amma ni na riƙe yarinyar nan a gaban Fada tana jaririya, na yi alkawari. In ba ki je wajen likitar nan yau ba, zan rufe tukunyata in je. Ki zaɓa, Malama Mai Doka.”

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sau nawa na faɗa wa Noelia haka.

Na je ni kaɗai. Tunda na faɗa da baki, bari in rubuta da hannu. A babbar kasuwa na ajiye shi, a ƙarshen layin masu dankali. Abin da na ɗauka a gwangwanin maɓallai kuwa ƙyallen Capitán ne, ɗan siririn ƙyallen robar nan da masu rigakafi ke ɗaura wa kare a wuya bayan sun yi masa allura. Na ajiye shi ne don tunawa. Na ɗaura wa kwikwiyon don kada masu kamun karnuka su tafi da shi, don wani ya gani ya ce lafiyayye ne ya ɗauka.

Likita Zulema ta daina rubutu. “Wane launi?”

“Kore.”

Ta tashi, na bi ta har ɗakin baya. Keji ɗaya ne a ciki, nesa da sauran. Yana kwance, kunne ɗaya a lanƙwashe.

Ta ce, “Kore na bara ne, Doña. Na bana ruwan lemo ne. Wannan ko famfara bai yi ba, wata uku ne da haihuwa, ta ina aka yi masa allurar bara, a cikin uwarsa? Ina ganin ƙyallen na san wani ya yi ƙarya, shi ya sa na ware shi. Na yi tunaninku, amma kin ce a unguwarku ya ɓata, wuya ba komai.”

Wata mai dankali ce ta kawo shi ranar Asabar saboda tari. Doña Primitiva sunanta. Ta tsince shi, ta ga ƙyalle, ta kai wa jikokinta uku. Kwana huɗu yana kwana a gadonsu.

Na zauna a kan buhun abincin karnuka.

“Ba wanda ya ciza a cikinsu, na sa an duba su. Amma ki ji da kyau. Ƙyallen nan ba ado ba ne, magana ce. Cewa yake, ku bar 'ya'yanku su taɓa ni. Ke kika sa shi ya faɗi haka.”

Shekarata arba'in da shida, ba wanda ya taɓa yi mini magana haka.

Karen ba shi da lafiya. Ya ƙi abinci tun jiya, ido na kwantsa. Ta ce yana iya zama ciwon tarin da ke kama 'yan kwikwiyo, yana iya zama ɗayan, farkonsu na kama da juna. In ya mutu kafin Laraba, za a kai kansa gwaji.

Litinin, ƙarfe bakwai

Na faɗa wa Noelia. Ta dube ni ta ce, “Kin riƙe mini burodi, Mama.” Ta shiga ɗaki. Ban bi ta ba, ban kuma ce ta dawo ta yi magana da ladabi ba.

Casilda ce ta kai mata ruwa. Ta gaya mini yarinyar ta sha.

Talata, 13 ga Agusta, da hantsi

Kwana tara. Bai ci ba. An sa masa ruwa ta jijiya, likita da safar hannu mai kauri. Ni da na haramta kare, ga ni a kan benci ina ƙirga numfashin kare.

Casilda ta zo da lemun tsami bakwai a zare, wai a rataya masa a wuya, haka kakarta ke warkar da tarin kare. Likita ta ce, “Baiwar Allah, kai lemunki ki yi miya. Ba wanda zai sake ɗaura wa karen nan komai a wuya sai ni.”

Casilda ta ce, “Karen kakata ya shekara goma sha biyar.”

“Da ba a rataya masa lemo ba da ya yi ashirin.”

Noelia ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin fareti. Ba ni ta yi wa ba.

Talata, da yamma

Yawu na zuba a bakinsa. Likita ta ce magani ne mai ɗaci ya sa. Ta ce “mai yiwuwa”.

Laraba, 14 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Kwana goma. Gari duk ya tafi Quillacollo bikin Budurwa Maryamu, tun asuba ake jin ganguna da ƙaho. Mu asibitin karnuka za mu. Na dafa ƙirjin kaza ba gishiri.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Har azahar bai ɗaga kai ba. Noelia na tsugune a gaban kejin tana yi masa magana, likita ta hana ta sa hannu. Na ce a raina, Ya Ubangiji, in hukunci ne, ni na ɗaura ƙyallen.

Wajen ƙarfe uku likita ta tura masa kwanon ruwa da sanda. Ya dubi kwanon. Na rufe idona, don na taɓa ganin an dubi ruwa.

Sai na ji ƙara, laƙ, laƙ, laƙ.

Na buɗe ido. Ya tashi a kan ƙafafu huɗu yana rawar jiki, kansa a cikin kwano. Ya shanye, ya lashe gindin kwanon, ya yi atishawa, ya kaɗa wutsiya sau biyu. Aka ba shi kazar, ya ci rabi.

Likita Zulema ta cire safar hannunta ta ce, “Mai wancan ciwon ba ya kai kwana goma da cizo yana kaɗa wutsiya yana neman ƙari. Tari ne kawai. Doña Eulogia, 'yarki za ta tsufa ta ba ki ciwon kai.”

Ban yi kuka a gaban mutane ba tun jana'izar mahaifina. Ƙurar abincin karnukan nan tana shiga ido.

Juma'a, 16 ga Agusta, da yamma

Ranar Waliyyi Roque. A filin coci an jera keji-keji, Fada na yayyafa wa karnuka ruwa mai tsarki, wasu an sa musu riga har da hula, abin da ban yarda da shi ba. An raba karnuka sha ɗaya da kyanwa shida. Chuño ba ya cikinsu, yana jinya. Takardar ɗaukarsa kuwa na riga na sa mata hannu. Likita ta karanta mini sharuɗɗan da ƙarfi kamar ina 'yar aji ɗaya: allura kowace shekara, ba a barinsa a soro ba ruwa, ba a yar da shi. Da ta zo na ƙarshen ta ɗago kai ta dube ni.

Daga nan na wuce kasuwa wajen Doña Primitiva. Tsohuwa ce mai faɗin hula. Na faɗa mata ni ce. Ta ci gaba da zaɓen dankalinta ta ce, “Kwana biyar ban runtsa ba saboda ke. Ƙaramin jikana a bakinsa yake sumbatar karen.” Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Allah ke yafiya, ni dankali nake sayarwa.” Na sayi buhu guda ban nemi ragi ba. Da zan tafi ta ce in gaida yarinyar.

Na kira Florencio na faɗa masa duka, bayan ya sauko ƙasa.

Asabar, 7 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Nas ta ce tunda kare ya rayu ana iya tsayar da allurai. Na ce a ƙarasa su. Noelia ta ce, “Wannan ramuwa ce, Mama.” Na ce rigakafi ya fi magani. Tun da ta fara yi mini gardama na san ta huce.

Jiya aka yi wa Chuño allurarsa, likita da hannunta ta ɗaura masa ƙyalle ruwan lemo. Koren kuwa ta yanka shi gida huɗu da almakashi a gabana. Yanzu yana ƙarƙashin keken ɗinki yana tauna mini tef ɗin awo. Ba shi da tarbiyya ko kaɗan, amma za a koya masa.

Har yanzu nakan miƙa mata ruwa ba ta roƙa ba. Takan sha, tana kallona ta saman kofin.

Noelia, na janye abin da na rubuta a shafin farko. Zan bar littafin nan a buɗe a kan keke, ki karanta har ƙarshe, ki wanke hannu kafin ki taɓa shi. Ga dokar gidan nan daga yau, na rubuta ta a kwali na kafa a ƙofar kicin: duk wanda wani abu ya ciza, ya yakusa, ko ya tsorata, zai faɗa kafin rana ta faɗi, kuma ba wanda za a kai ƙauye don ya faɗa. Wanda ya ɓoye, shi ne mai laifi, ko da shi ya kafa dokar.